Daga Gindin Tsamiya Zuwa Aji: Littafin Aikinmu

Asabar, 14 ga Oktoba, 2023

Yau muka yi zamanmu na farko tun bayan da banki ya buɗe mana asusu. Mu bakwai ne amintattun gidauniyar da muka kafa don gina wa yaran wani ƙauye makaranta, mata biyu maza biyar, dukkanmu mazauna Kano, kowa da sana'arsa. Shugabarmu tsohuwar shugabar makaranta ce da ta yi ritaya, ma'ajinmu ɗan kasuwa ne a Kantin Kwari, akwai injiniyan gini, akwai ma'aikaciyar jinya, akwai malaman makaranta biyu, sai ni da aka ɗora wa sakatare. Babu mai albashi a cikinmu. Mun ma rubuta a tsarin mulkinmu cewa ko kuɗin man zuwa ƙauye, kowa daga aljihunsa zai fitar.

Shugabarmu, Hajiya, ita ce ta kawo shawarar a riƙa rubuta yadda aikin ke tafiya, a sa inda kowa zai gani. Ta ce wanda ya ba da naira dubu biyu yana da haƙƙin sanin inda kuɗinsa suka shiga, daidai da wanda ya ba da miliyan.

Kafin mu kai nan mun sha hanya. Rajistar amintattu a CAC, hukumar rajistar kamfanoni da ƙungiyoyi, sai an buga sunayenmu da manufarmu a jarida, an jira kwana 28 ko akwai mai ƙorafi. Da takardar ta fito, banki ya ce sai mun kawo ta SCUML, sashen da ke ƙarƙashin EFCC mai sa ido kan safarar kuɗin haram. Da farko na ji abin ya yi yawa, amma da na yi tunani sai na ga wanda zai riƙe dukiyar jama'a bai kamata ya ƙi a bincike shi ba. Mun tsara cewa ko kwabo ba zai fita daga asusun ba sai mutum biyu cikin uku sun sa hannu.

Abin da muka ɗauka shi ne ajujuwa uku, da ƙaramin ofis, da banɗakuna, a wani ƙauye mai tafiyar awa uku daga Kano. Sunan garin ba zai fito a nan ba, haka muka yi da dattawansa. Asusun UNICEF ya daɗe yana cewa yara kimanin miliyan 10.5 ne ba sa zuwa makaranta a Najeriya. Mu ba mu da ƙarfin miliyoyi. Waɗanda muka ƙirga a gindin tsamiyar garin su 84 ne, su muka sa a gaba.

Asabar, 4 ga Nuwamba

Mun je mu huɗu. Daga inda kwalta ta ƙare sai burji, daga burji sai yashi, har sau biyu muna fitowa mu tura mota. Mai Gari ya tarbe mu a zaure da fura da nono. Hajiya ta yi bayani tiryan-tiryan, ta nuna masa zanen da injiniya ya yi. Ya duba takardar ya daɗe bai ce komai ba, sannan ya miƙe ya ce mu biyo shi.

Bayan gari ya kai mu, ya nuna mana wani kango da ciyawa ta cinye, bango ɗaya kawai ya rage a tsaye, shi ma bai kai ƙugu ba. Ya ce ajin zamanin UPE ne, shirin ilimin firamare kyauta da aka ƙaddamar a 1976. Shi da kansa ya zauna a ciki shekara biyu. Malamin da aka turo ya gaji ya tafi, ba a turo wani ba, iska ta yaye kwanon, awaki suka gaje wurin.

Ya ce, "Hajiya, gini mun taɓa gani. Malam ne ba mu iya riƙewa ba."

Na ce, "Ranka ya daɗe, in Allah ya yarda wannan karon ba za a yi haka ba." Ina rufe baki na san na yi alkawarin da ban san yadda zan cika ba. Duk kuɗin da muka tara, da hoton gini muka tara su. Babu layi ɗaya a kasafinmu da ya ambaci malami.

Wanda ke koyar da yaran a yanzu saurayi ne ɗan garin da ya gama sakandare. Allonsa wani falange ne da ya shafa wa baƙin fenti ya jingina da tsamiya. Ba a biyansa, sai dai in kaka ta yi iyaye su haɗa masa damin gero. Makaranta mafi kusa tana tsallaken fadama, in ruwa ya sauka babu yaron da zai iya ƙetarewa.

Asabar, 25 ga Nuwamba

Maganar fili ta cinye mana mako uku. Wani dattijo ya ce ya ba da gefen gonarsa saboda Allah, a gaban kowa ya faɗa. Injiniyanmu ya ce shi ba zai sa diga a ƙasa ba sai an rubuta. Ran wasu ya ɓaci, wani ma ya ce, "Wato maganar Baba ba ta isa ba kenan?" Liman ne ya kwantar da ƙurar, ya tuna musu cewa aya mafi tsawo a Alƙur'ani umarni take yi da a rubuta bashi, ballantana ƙasa da za ta wuce mu duka.

Da aka zo rubutawa sai ga abin da ba a faɗa ba: gonar ta gado ce, ba a raba ba, kuma Baba yana da ƙanne mata biyu da ke aure a wasu garuruwa. Ba wai ya ɓoye ba ne, shi a ganinsa tun da shi ke nomawa shi ke da magana. Hajiya da ma'aikaciyar jinyarmu suka je har ɗakunansu. Ɗaya ta yarda nan take. Ɗayar ta ce a ba ta lokaci, kuma ta yi gaskiya, haƙƙinta ne. Bayan kwana goma ta aiko cewa ta amince, da sharaɗin a sa mahaifinsu cikin ladan.

Yau an rubuta filin a matsayin wakafi. Su ukun sun dangwala yatsa, Liman da Mai Gari sun shaida, Hakimi ya buga hatimi. Kwafi uku muka yi: ɗaya a wurin Mai Gari, ɗaya a wurinmu, ɗaya za mu kai ofishin ilimi na ƙaramar hukuma.

Asabar, 16 ga Disamba

Mun ga Sakataren Ilimi na ƙaramar hukuma ranar Laraba. Dokar Ilimin Bai Ɗaya ta 2004 ta ce karatun shekara tara na farko kyauta ne kuma dole, kuma ɗaukar malaman firamare da biyansu aikin hukuma ne, ba na ƙungiya irin tamu ba. Abin da muka roƙa biyu ne: a sa makarantar cikin jerin makarantun gwamnati, a kuma turo malami in an gama. Ya karɓe mu da mutunci, ya ce mu rubuto zai tura sama. Rana ce dai bai yanke mana ba. Na riga na kai takardar.

A garin kuma an kafa kwamitin kula da makaranta, da mata uku a ciki. Wanda na fi jin daɗin shigarsa shi ne malamin makarantar allo. Na je na same shi da kaina, na ce, "Allah ya gafarta Malam, ba mun zo raba ka da almajiranka ba ne." Ya ce shi ma ya san haka, damuwarsa lokaci ce. Aka daidaita: karatun allo da asuba da bayan la'asar yana nan yadda yake, boko daga ƙarfe takwas zuwa azahar.

Asabar, 13 ga Janairu, 2024

An haƙa harsashi da gayya. Maza sama da arba'in suka fito da diga da shebur cikin sanyin hunturu, kafin azahar an gama. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, yau na gani da idona.

Amma akwai abin da ya tsaya mini a rai. Mun ce ruwan aiki gudummawar gari ce. Da na duba masu ɗebowa daga rijiya sai na ga 'yan mata ne ƙanana, da bokitai a ka, tun safe suna jere. Su ne waɗanda muke cewa muna gina wa makaranta. Ma'aikaciyar jinyarmu ta ce wannan ba zai yiwu ba. Mun ɗauki mai amalanke da duro biyu, za mu riƙa biyansa kullum. Ba ya cikin kasafi, amma an amince ba tare da gardama ba.

Asabar, 27 ga Janairu

Bulon farko da aka kawo bai yi ba. Injiniya ya ɗaga ɗaya zuwa ƙirji ya sake shi, ya dagargaje kamar ƙuli-ƙuli. An ja siminti ne, an cika yashi. Mun mayar da su duka, mai bulon ya karɓa bayan doguwar magana, kuɗin mota kuma ya hau kanmu.

Da ana neman wani, sai aka ambaci ɗan yayata, yana da gidan bulo kuma aikinsa na da kyau. Na faɗa wa kwamiti dangantakarmu na fita waje har suka gama. Ba shi suka ba ba. Sun yanke a sayi siminti a buga bulon a wurin aiki, a gaban injiniya, a riƙa ba shi ruwa safe da yamma har mako guda. Yayata ta ji babu daɗi, na je na yi mata bayani.

Asabar, 24 ga Fabrairu

Wannan ne zama mafi nauyi da muka yi. Lokacin da muka yi kasafi a Oktoba, buhun siminti bai kai naira dubu shida ba. A watan nan ya haura dubu tara, wasu wuraren har dubu goma da ɗoriya. Dala ta wuce naira 1,500. A farkon makon nan gwamnati ta zauna da manyan masu kamfanonin siminti a Abuja, aka ce an daidaita a kan dubu bakwai zuwa takwas, amma mu da kuɗin yau za mu saya, ba da na gobe ba. Rodi ma ya tashi. Tun da aka cire tallafin man fetur a ƙarshen Mayun bara, kuɗin tifar yashi bai sake zama wuri ɗaya ba.

Ma'aji ya baje lissafi a kan tebur. Abin da ya rage ba zai kammala duk abin da muka zana ba, dole a yanke wani abu.

Ni na ce a ɗage banɗakuna. Hujjata ita ce ajujuwa uku muka yi wa masu ba da gudummawa alkawari, su za su tambaya. Ɗaya daga cikin malamanmu ya goyi bayana. Ma'aikaciyar jinya ta bari muka gama, sannan ta ce, "Malam Sakatare, yarinya 'yar shekara goma sha ɗaya in ta matsu ina za ta je? Namiji zai zaga bayan aji. Ita gida za ta tafi, kuma in ta tafi ta tafi kenan ranar. Kwana nawa uwarta za ta jure kafin ta ce ta zauna?" Hajiya ta ƙara da cewa a shekarunta na aiki ta ga aji ya cika da 'yan mata a aji ɗaya, kafin aji biyar sun zube saura 'yan ƙalilan, kuma rashin makewayi na daga cikin dalilan da ba a faɗa a fili.

Ba ni da amsa. Na janye maganata. Abin da aka yanke: a kammala ajujuwa biyu gaba ɗaya, na uku a yi masa rufi a bar shi ba filasta, ofis a fasa shi, banɗakuna a yi su, na mata daban na maza daban, nesa da rijiya. Daren nan na rubuta wa duk wanda ya ba mu kuɗi na faɗa masa gaskiyar abin da ya faru. Ba mu jira sun gani a hoto ba.

Asabar, 23 ga Maris

Azumi ya kama tun 11 ga wata, gudummawa ta ƙaru, masu aiki kuma suna tashi da azahar saboda zafi. Gini ya kai linta.

Wani bawan Allah ya kira ma'aji ya ce zai ba mu zakkarsa, kuɗin da za su isa su gama aji na uku har da ofis. Ma'aji ya kira ni muryarsa na rawa don murna. Hajiya ta ce a tambayi malamai tukuna. Malamin da muka je wurinsa ya karanto mana aya ta 60 a Suratut Tauba, inda aka lissafa kashi takwas na masu cin zakka, ya ce a wurin mafi yawan malamai, har da na Malikiyya da muke bi, ba a sa zakka a gini, ko da masallaci ne. Ya ce a ba mabuƙata hannu da hannu, gini kuma a nema masa sadaka ko wakafi.

Mun koma mun gaya wa mutumin. Ya yi shiru, sannan ya yi godiya, ya ce da wasu ne da sun karɓe. Zakkar ya kai ta inda ta dace, mu kuma ya aiko mana da sadaka, ba ta kai rabin waccan ba. Na ga abin ya yi wa ma'aji ciwo, ni ma ya yi mini, amma babu wanda ya ce a yi akasin haka.

Asabar, 20 ga Afrilu

Bayan Sallah muka shiga tseren rufi kafin hadari. Katako daga Na'ibawa, kwano da ƙusa daga Ƙofar Ruwa. An shafe katakon da maganin gara kafin a ɗora. Injiniya ya tsaya a kan kafinta sai da aka ɗaure kowane katako da ƙarfen da aka binne cikin kankaren saman bango, ba ƙusa kaɗai ba. Kafinta ya ce ɓata lokaci ne. Injiniya ya kama hannunsa ya kai shi kangon bayan gari.

Tun wurin zane an juya ginin yadda tagogi za su kalli kudu da arewa, bangon gabas kuma babu taga, domin daga nan iska da ruwa ke bugowa, kuma ranar safe ba za ta shiga idon yara ba.

Asabar, 25 ga Mayu

Daren Talata an yi iska mai ƙarfi kafin ruwan farko. Ta yaye rufin gidaje da dama a garin, Allah ya kiyaye ba a rasa rai ba. Namu ko kwano ɗaya bai ɗaga ba. Kafintan ne da kansa ya kira ya faɗa.

Asabar, 29 ga Yuni

Aiki ya tsaya. Kowa yana gona, hanya kuma ta yanke a fadama. Mai Gari ya aiko cewa saurayin nan ya kwashe yaran daga gindin tsamiya ya shigar da su aji saboda ruwa, a kan tabarmi, ko daɓe ba a gama ba. Ya tambaya ko akwai laifi. Hajiya ta ce a gaya masa don haka aka gina.

Asabar, 3 ga Agusta

Ba mu zauna ba. Tun ranar Alhamis aka sa dokar hana fita a Kano bayan zanga-zangar tsadar rayuwa. Mun gaisa ta waya.

Asabar, 24 ga Agusta

Wani akanta da ba ya cikinmu ya duba mana littattafai kyauta, ya fito da abu biyu. Na farko, akwai kuɗaɗen da aka biya mai amalanke da masu yashi babu rasit, don su ba su da rasit. Kuɗin sun tafi inda aka ce, amma babu shaida. Daga yau akwai littafi a wurin aiki, duk wanda aka biya zai sa hannu ko ya dangwala yatsa a gaban mutum ɗaya na kwamitin gari.

Na biyu ya fi zafi. Buhu tara na siminti sun daskare sun zama dutse, saboda an jibge su a ƙasa a aji na uku, damshi ya shige su. Ba sata ba ce, sakaci ne, kuma namu ne, don mu ya kamata mu sa a ɗora su a kan katako kafin damina. Mun raba kuɗin bakwai mun mayar cikin asusu daga aljihunmu. Na rubuta shi a rahoton da za a aika wa masu gudummawa, kuma zai shiga bayanin shekara da za mu kai CAC.

Asabar, 21 ga Satumba

An turo malami. Mutum ɗaya, mai takardar shaidar koyarwa ta NCE, daga wani gari mai nisa. Na je ofishin ilimi sau biyar a kan wannan, ranar da aka miƙo mini takardar sai da na zauna a benci na ɗan huta kafin na iya kiran Hajiya.

Ranar Litinin aka buɗe. Yara 84 muka yi wa lissafi, waɗanda aka rubuta sun kai 151, don rugagen Fulani biyu da ke kusa su ma sun kawo nasu. 'Yan mata 63 ne. Tsarin ilimi na ƙasa ya ce malami ɗaya ga yara 35 a firamare. Mu muna da ɗaya, da saurayin tsamiya. Aji na ukun da babu filasta ya cika shi ma.

Wata yarinya 'yar ruga, ba za ta wuce shekara bakwai ba, ta tsaya a bakin ƙofa ta cire takalmanta na roba ta jera su a gefe kamar za ta shiga masallaci. Sauran na bayanta duk suka yi haka. Malamin bai hana su ba.

Kwamiti ya amince a riƙa ba saurayin alawus na shekara ɗaya, a kuma biya masa kuɗin karatun NCE daga nesa a Cibiyar Malamai ta Ƙasa, NTI, mai hedikwata a Kaduna, domin in an tashi ɗaukar malamai ya kasance yana da takarda. Shi ɗan gari ne, gonarsa da mahaifiyarsa suna nan, babu inda zai je. Wannan ne kuɗin da na fi samun natsuwa da fitarsu tun da muka fara.

Asabar, 19 ga Oktoba

Kaka ta yi, yara sun ragu. Malam ya nuna mini rajista: ranar kasuwa kusan rabin 'yan matan ba sa zuwa, suna talla, maza kuma suna gona wurin girbi. Matan kwamiti sun fara bi gida-gida. Ɗaya daga cikinsu, tsohuwa ce mai faɗa a ji, ta ce mini, "Ɗana, kada ka zo mana da faɗa. Uwar da ta ɗora wa 'yarta talla ba ƙin karatu take ba, cefane take nema." Sun roƙi a riƙa tashi da wuri ranar kasuwa maimakon yara su ƙi zuwa ɗungurungum. Malam ya ce zai kai maganar ofis.

Abin da ya rage a kanmu: filastar aji na uku, bencina, don har yanzu aji biyu a tabarma suke, da rijiyar tuƙa-tuƙa a harabar makaranta. Abin da ke asusu zai yi filasta da rabin bencina. Rijiyar sai an sake neman taimako.

Malamin yana kwana a zauren Mai Gari tun da ya zo, iyalinsa suna can garinsu, kowace Juma'a yake tafiya. Na tambaye shi yadda yake ji, ya ce lafiya lau, amma ya sunkuyar da kai. Da za mu tafi, Mai Gari ya ja ni gefe ya tambaya ko bulon da ya ragu yana da wani aiki. Na ce sai na tambayi kwamiti, amma me za a yi da shi? Ya ce ɗaki biyu da ɗan tsakar gida, inda malam zai kawo matarsa. Ƙasa da aikin hannu na gari ne, mu dai mu taimaka da kwano.

Ya riga ya sa samari sun share ciyawar tsohon kangon. Na sa maganar a farkon ajandar zamanmu na 2 ga Nuwamba. Da motarmu ta juya, na hango shi a wurin shi da Liman, yana auna faɗin filin da taku.